Suna so su ɗebi jinin yarona don bincike, babansa ya ce a'a. Me kuka gani?

Maman Ilham, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Yarona Abba yana da sikila, SS, shekararsa shida. Ranar Talata mun je ganin likita kamar yadda muka saba, sai wata ma'aikaciya ta ja ni gefe, ta ce akwai masu bincike da ke tattara yara masu wannan ciwo. Za su ɗebi jini 'yar kwalba biyu, su yi min tambayoyi, su riƙa bibiyar lafiyarsa. Ta ba ni takarda da Faransanci, ta ce in kai gida mu karanta da babansa. Baban ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce yaron da kullum jini ake nema a ƙara masa, shi ne kuma za a ɗebi nasa a kai Turai? Ni dai zuciyata ta rabu biyu. Wanda ya san wani abu a kai ya taimaka min.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Wa alaikumus salam. Maigidanki ya yi daidai, Hajiya. Mu da muke zirga-zirgar Kano ba mu manta da 1996 ba. Lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da aka sa yara wajen 200, sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A nan gida ma, a 2005 gwamnati ta dakatar da wani gwajin maganin kariya daga ƙanjamau a Duwala, saboda ƙorafin ba a yi wa matan da aka sa a ciki cikakken bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ki mayar musu da takardarsu.

Ɗan Labo, Garwa:
Yaya Maman Ilham, zancen yawan jinin kada ya ɗaga miki hankali. 'Yar kwalbar nan da muke cikawa ba ta wuce cokalin shayi ɗaya ba, wata ma rabinsa. Yaro mai nauyin kilo 20 yana da jini wajen lita ɗaya da rabi a jikinsa. Kuma galibi ana haɗa ɗibar da wadda dama za a yi masa don awon da ya saba, huda ɗaya ke nan. Idan ranar yana kwance ko jininsa ya yi ƙasa sosai, kina da ikon cewa a bari sai ya warware.

Ɗalibar Likitanci, Yawunde:
Baba Alhaji, abin da ka faɗa ya faru, babu mai musu. Amma a raba abu biyu. Akwai binciken da ake ba mutum sabon magani a ga yadda zai yi masa, irin na Kano ke nan. Akwai kuma wanda ba a ba ka komai, ana duba jininka ne ana rubuta yadda ciwon ke tafiya da kai. Daga bayanin Anti, nata ya fi kama da na biyun.

Anti, kafin ki sa hannu ko ki ƙi, ki koma ki tambaye su. Wa ke gudanar da binciken, kuma kwamitin ɗa'a ya amince da shi? Lambar amincewar tana kan takardar in na gaskiya ne. Za a ba Abba wani magani ko kuwa jini ne kawai? Ina za a kai jinin, har yaushe za a ajiye shi, za a yi wani aikin da shi nan gaba? Za a faɗa miki sakamakon awonsa? In kin fasa daga baya fa? Ki ce a yi miki bayanin da Hausa ko Fulatanci, hakkinki ne, ba alfarma ba. Kamaru ta yi dokar binciken lafiya a kan ɗan Adam a 2022, kuma ƙa'idar a ko'ina ita ce in kin ƙi ba za a rage wa yaro komai daga kulawar da yake samu ba.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
'Yata, takarda ai ba ta ƙin rubutu. Ni tambayata ɗaya ce. Tun ina saurayi ake cewa ana bincike a kan amosanin jini. Me binciken ya taɓa kawo wa talakan Marwa ko Mokolo? Har yanzu yaran mutuwa suke.

Anti Nas, Ngaundere:
Alhaji, ranka ya daɗe, bari in amsa wannan don a gabana ake yi.

Penisilin ɗin da ake ba jariri mai SS safe da yamma har ya kai shekara biyar, daga bincike ya fito. A 1986 aka buga sakamakonsa a Amurka, an ga ya rage mugun zazzaɓin ƙwayoyin cuta da ke shiga jini da fiye da kashi 80 cikin 100, har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa don kada a ci gaba da hana sauran yaran. Dalili kuwa saifar yaro mai SS tana lalacewa tun yana ƙarami, ita ce kuma mai tace waɗannan ƙwayoyin. Shi ya sa muke ce wa iyaye zazzaɓin da ya kai 38.5 a jikin mai sikila ba na a ba shi parasitamol a jira gari ya waye ba ne.

Sai maganin haidiroksiyuriya. A Amurka an amince da shi ga manya tun 1998, amma aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi a Afirka. Ana cewa yana rage fararen ƙwayoyin jini, a ƙasar da ke da zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki kada ya zama an gudu ba a tsira ba. Sai aka yi binciken da ake kira REACH da yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, aka fitar da sakamako a 2019. Tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har shi kansa zazzaɓin cizon sauron ya ragu da kusan rabi, abin da ba a zata ba. Da iyayen yaran nan duk sun ce a'a, da har yau likitocinmu na tsoron rubuta shi.

Na uku a Kanon da ka ambata aka yi shi. Yaro mai SS yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kusan ɗaya cikin goma kafin ya kai shekara ashirin in ba a yi komai ba. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in gudun ya yi yawa to haɗari ya kusa. A ƙasashen masu kuɗi ƙarin jini ake yi wa irin wannan yaro kowane wata. Mu ina muka ga jinin? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ciki har da Dakta Najiba Galadanci, tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt, suka gwada haidiroksiyuriya a madadin ƙarin jinin, da yara 220. Suka ga ko ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo, yana kare yaran. Yaran Hausawa ne, masu cin tuwo irin namu.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
To na ji. Ina maganin yake a Marwa? Ina na'urar?

Mai Sikila 34, Njamaina:
Wallahi a nan Alhaji ya taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ni SS ne, shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya biyu, alhamdu lillahi. Duk abin da Anti Nas ta lissafa gaskiya ne, ni shaida ne. Tun da na fara shan haidiroksiyuriya kwanciyata a asibiti ta ragu sosai. Amma samunsa fa? Wani watan in zaga farmasi-farmasi babu, sai in tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri, wani lokacin can ma babu, sai in ba direba saƙo daga Yawunde. Ga awon jini da dole a riƙa yi don a ga bai danne ɓargo ba, shi ma kuɗi ne. Magani ne tsoho, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma in ya yanke maka wata biyu ka koma gidan jiya.

Abin da ya fi min ciwo ma ba wannan ba ne. Wani dare cikin hunturu ciwon ya tashi a ƙugu da cinyoyina, ji nake kamar ana farfasa ƙashin daga ciki. Ƙanina ya goya ni a babur zuwa wani asibiti. Ina murƙususu a kan benci, mai gadin daren ya kalle ni, ya ga saurayi siriri idanu jawur, ya ce irin 'yan tiramol ɗin nan ne, su zo suna ihu don a yi musu allura. Sai da ƙanina ya koma gida ya ɗauko katina kafin a sa min ruwa. Wannan ba ya buƙatar sabon bincike. An daɗe da sanin cewa mai sikila in ya zo da ciwo a ba shi maganin raɗaɗi mai ƙarfi cikin gaggawa, a sa masa ruwa, a nemi abin da ya tayar da shi.

Amma duk da haka, Maman Ilham, ni da ni ne sai in yarda in amsoshinsu sun gamsar da ni. Wanda ba a ƙidaya shi ba, ba a yi masa kasafi.

Hajiya Babba, Gidar:
Allah sarki ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Mu a zamaninmu ba mu san wata sikila ba. Mace ta haifi huɗu, uku su koma kafin yaye, sai a ce wabi take yi, a shiga neman taimako wajen malamai da masu saiwa. Yaro na kuka hannu da ƙafa sun kumbura, a ce sanyin ƙashi ne ko maita. Jikata ma yanzu haka take, kullum fari fat, tafin hannunta kamar ba jini. Ina dafa mata karan dafi da zoɓo, uwarta na saya mata sirof ɗin ƙarin jini. Ba laifi ko?

Anti Nas, Ngaundere:
Mama, an taɓa yi mata awon sikila? Kumburin hannu da ƙafa a jariri ɗan wata shida zuwa shekara biyu, yana kuka in an taɓa, sau da yawa shi ne alamar farko. Kafin wata shida ba a cika ganin komai ba, don jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi, sai ya fara raguwa ciwon ke bayyana.

Zoɓo ta sha abinta, ruwa ne, jikinta na so. Sirof ɗin ne nake so a dakata da shi har a yi awo. Ƙarancin jini iri-iri ne. Na yawancin yara rashin sinadarin ƙarfe ne, wannan sirof na yi masa magani. Na mai sikila kuwa ƙwayoyin jinin ne ke fashewa da wuri. Lafiyayyar ƙwaya tana yin kwana 120, ta mai SS kwana 10 zuwa 20, bayan ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ƙarfen da ke cikinta bai fita daga jiki ba. In kuma ana yi masa ƙarin jini, kowace leda tana shigo da ƙarfe wajen miligiram 200, jiki ba shi da hanyar zubar da shi, sai ya taru a hanta da zuciya. Ka ga ƙara masa sirof ba tare da awo ba cutarwa ce. Folik asid ake ba su.

Ɗan Labo, Garwa:
Ƙari a kan na Anti. Akwai wani gadon kuma da ake kira alfa talasimiya, yana da yawa a tsakaninmu. Ƙwayoyin jinin mutum su zama ƙanana, a takardar awo su yi kama sak da na mai rashin ƙarfe. Sai ka ga mace ta shekara tana shan ƙwayar ƙarfe lambar ba ta motsa ba. Mai sauƙinsa ba ya cutarwa, amma in an sha magani wata uku babu canji a koma a sake dubawa, kada a ci gaba da sha da ka.

Ɗalibar Likitanci, Yawunde:
Kuma kada mu ɗora komai a kan gado. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Kamaru suna da ƙarancin jini, mata kuma kashi 40. Sikila kaɗan ce a cikin wannan. Mafi yawa zazzaɓin cizon sauro ne, da abinci, da tsutsar ciki, da tsargiya ga yaran da ke wanka a Lagdo da Maga da gonakin shinkafar Yagwa, da haihuwa kusa-kusa ga mata. Tun 2011 doka ta sa a riƙa zuba ƙarfe da folik asid a fulawar alkama, an kuma auna an ga amfaninsa a Yawunde da Duwala inda ake cin burodi kullum. Amma tsohuwar da ke ƙauyen Mora dawa da gero take kaiwa injin niƙa, wannan tsarin bai iso tukunyarta ba.

Sai shayi. Ku yi haƙuri 'yan Cadi. Shayi mai kauri a kan abinci yana hana hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin wake da ganye. A ba shi ko da awa ɗaya bayan cin abinci. Masu ciki da ke cin ƙasar nan da ake kira kalaba ma haka, ƙasar tana riƙe ƙarfen, kuma yawan sha'awarta kansa alama ce ta ƙarancinsa.

Mai Sikila 34, Njamaina:
Ƙanwata, ki taɓa komai ban da shayi.

Baban Sadik, Lagdo:
To me ya sa ba za a raba wa duk yara ƙwayar ƙarfe ba a huta, kamar yadda ake bi gida-gida da maganin zazzaɓi lokacin damina?

Ɗalibar Likitanci, Yawunde:
An gwada, Yaya. A tsibirin Pemba na Tanzaniya aka yi wani babban bincike da aka buga a 2006, an ba dubban yara ƙarfe da folik asid a wurin da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Sai aka ga waɗanda aka ba sun fi kwanciya asibiti, dole aka tsayar. Ƙwayar cutar ma tana son ƙarfen. Shi ya sa yanzu ake cewa a ba da shi tare da kariya da maganin zazzaɓi, ba shi kaɗai ba. Maganin damina da ka ambata, wanda ake rabawa a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa tun 2016, da rigakafin zazzaɓin da Kamaru ta fara sa wa jarirai a Janairun 2024, su ma yaƙi ne da ƙarancin jini.

Saurayin Kuseri:
Ku gafarce ni zan ɗan karkata. An sa min rana da 'yar kawuna. Mun je awo, takardar ta ce Emmel positif mu duka biyu. Gida ya rikice, gwaggona na kuka, wasu na cewa a fasa. Mu dai lafiyarmu ƙalau, ba wanda ya taɓa kwanciya.

Ɗan Labo, Garwa:
Ɗan'uwa, awon Emmel bai isa a yanke hukunci da shi ba. Abin da yake nunawa kawai akwai S a jininka, ba ya bambance AS, mai ɗauke da gadon kawai, da SS mai ciwon, kuma ba ya ganin C, wani gadon jinin daban, ko kaɗan. Mutum na iya zama AC takardarsa ta ce negatif, ya auri AS su haifi SC, wanda shi ma ciwo ne. Ku je a yi muku elektiroforez, awon da ke tantance nau'in jinin. Yanzu ma akwai 'yan sandunan awo na gaggawa, irin HemoTypeSC da SickleSCAN, ɗigon jini daga yatsa, cikin mintuna su nuna A da S da C. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya jira wata uku, in ba haka ba jinin wani za a auna.

In ta tabbata ku biyun AS ne, lissafin shi ne kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki, daban. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu ba. Na ga gidan da biyar suka tsira duka, na ga gidan da uku a jere SS ne. Kuma ba zumuncin ne ya kawo ba, bare da bare in duk AS ne lissafin ɗaya ne. Zumunci dai yana ƙara yiwuwar haɗuwar in abin yana cikin dangi.

Malam Na Bakin Kasuwa, Kuseri:
Bismillah. Awo kafin aure bai saɓa wa tawakkali ba. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddara kake? Ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Shari'a kuma ta zo da kawar da cuta. Amma ni ba zan ce auren AS da AS haramun ne ko ɓatacce ba, ban da hujjar faɗin haka. Abin da nake yi in an zo ɗaurin aure, ina tambaya ko an yi awo, kuma ko yaran biyu sun fahimci abin da ke ciki, su da kansu, ba iyaye kaɗai ba. Shawarata gare ka, yaro, ka je ka kwana ɗaya a ɗakin da ake kwantar da yara masu wannan ciwo kafin ka yanke.

Tun da an zo nan, mai sikilar da likita ya ce azumi zai tayar masa da ciwo, musamman a zafin Maris da Afrilu irin namu, Allah ya yi masa rangwame. Kada a matsa masa da gori.

Baban Sadik, Lagdo:
Allah gafarta Malam, ni a ganina a yi doka kawai. Jihar Kano ta yi tata a 2024, dole a yi awo kafin a ɗaura aure. Mu ma a hana AS da AS, nan da shekara talatin an gama da cutar.

Mai Sikila 34, Njamaina:
Baban Sadik, duk lokacin da aka buɗe zancen sikila a gidan nan sai ya ƙare a kan aure, kamar mu da aka riga aka haifa kuskure ne da ake jiran ya wuce. Ni ban ƙi awo ba, ni kaina sai da na tabbatar matata AA ce. Amma lissafin da aka fitar na 2021 ya ce jarirai sama da dubu 500 aka haifa da cutar a duniya a shekarar kaɗai, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara, masu rayuwa da ita kuma sun kusa miliyan takwas. Waɗannan dokar aure ba ta yi musu komai. Abin da zai cece su a gano su tun suna jarirai. Gana ta fara awon jarirai a Kumasi tun 1995. Mali na da cibiya guda a Bamako ta wannan ciwo kaɗai tun 2010. Mu kuwa sai yaro ya kusa mutuwa sau biyu kafin wani ya ce a duba ko sikila ce.

Kuma ba za a gama da ita da doka ba. A Kamaru da Najeriya da Gana, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na mutane AS ne. Kuma in ka tsananta, takardar bogi za a fara saya.

Hajiya Babba, Gidar:
Ikon Allah. To me ya sa ta yi yawa a cikinmu haka, Turawa ba su da ita?

Ɗalibar Likitanci, Yawunde:
Sauro ne sila, Mama. Wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a 1954, daga aikin da ya yi a gabashin Afirka, cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shekaru dubbai yaran AA na mutuwa da zazzaɓi, 'yan AS na rayuwa su hayayyafa, sai S ɗin ya yaɗu. Akwai ta a Indiya da Saudiyya da Girka ma, duk inda zazzaɓin ya daɗe. Amma a kula, AS ma yana kamuwa da zazzaɓi, mai SS kuwa zazzaɓin na iya kashe shi cikin kwana biyu. Gidan sauro dole ne.

Baba Alhaji, ga abin da ya sa jinin yaranmu ke da muhimmanci ga masu bincike. Yara biyu duk SS, ɗaya kullum yana asibiti, ɗaya sai ya shekara lafiya. Babban abin da ke bambanta su shi ne yawan jinin jarirantaka da ya saura a jikinsu, kuma gado ne ke juya wannan. Shi ma haidiroksiyuriya aikinsa ke nan, ya ɗaga shi. Yawancin abin da aka sani an samo shi ne daga baƙaƙen Amurka, alhali gadon 'yan Afirka ya fi na kowa bambance-bambance. Hatta nau'o'in gadon S guda biyar da aka fi sani, ɗaya sunan Kamaru gare shi, sauran Benin, Senegal, Bantu da na Larabawa da Indiya. Farfesa Ambroise Wonkam, ɗan ƙasar nan ne, ya shafe shekaru yana wannan aiki da marasa lafiya na Yawunde da Duwala, yanzu yana jagorantar sashen ilimin gado a jami'ar Johns Hopkins. Abin lura, aikin da aka yi a Kamaru yawancinsa a kudu ne. Mu 'yan arewa, da zafinmu da hunturunmu da abincinmu, ba mu cika shiga lissafin ba.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
Yauwa, kin kawo ni inda nake so. Su ɗebi jininmu kyauta, su gano sirrin, su haɗa magani. Na ji an yi wanda ke warkar da ita gaba ɗaya. Nawa ne?

Ɗalibar Likitanci, Yawunde:
Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara su yadda za su koma yin jinin jarirantaka, a mayar masa. Dala miliyan 2.2.

Alhaji Mai Goro, Marwa:
A sefa fa? Sama da biliyan ɗaya. Na gama magana.

Mai Sikila 34, Njamaina:
A wannan ba ni da abin kare su, Alhaji. Akwai ma wani sabon magani, Oxbryta, da aka yi ta murna da shi, a Satumban 2024 kamfanin ya janye shi daga kasuwa saboda an ga matsala a bayanan waɗanda suka sha. Sabo ba shi ne mai kyau ba kullum. Ni ban sa rai da na biliyan ba. A ba mu tsohon nan mai araha ba yankewa, da awon jarirai, da jini a asibiti in an buƙata.

Maman Ilham, Garwa:
Na gode ƙwarai jama'a. Na kwafe tambayoyin ƙanwata a takarda, na karanta wa Baban Ilham na Kano guda biyun, na 1996 da na baya-bayan nan. Ya ce shi da kansa zai je ya ji daga bakinsu, in ba su ba shi amsa a kan inda za a kai jinin ba, babu. Anti Nas, zan tambayi likita zancen na'urar kai ɗin nan, ba a taɓa yi wa Abba ba.

Amaryar Bara, Ngaundere:
Don Allah kafin a rufe. Jaririna namiji, kwana biyar da haihuwa idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa, aka kwantar da mu aka sa shi a ƙarƙashin fitila. Awo ya nuna ba sikila ba ce, AA ne. Likita ya tambaye ni ko na sa kafur a kayansa, na ce e, a akwatin kayan jarirai. Ya ce in zubar. Mene ne haɗin?

Anti Nas, Ngaundere:
Wataƙila yana zargin ƙarancin G6PD, ƙanwata. Shi ma gado ne na jini, ta wajen uwa yake bi, ya fi bayyana a maza, kuma yana da yawa a yankinmu. Mai shi lafiyarsa lau har sai ya haɗu da abin da ke fasa masa ƙwayoyin jini. Farin ƙwallon nan da ake sakawa a kaya don asu yana cikinsu, ko shaƙarsa ma ya isa. Wasu magunguna ma haka, kamar pirimakin. Ki nemi a yi masa awon G6PD in ya ɗan girma, in ta tabbata a rubuta a katinsa, ki riƙa faɗa wa duk likitan da zai rubuta masa magani. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su sosai a shanya a rana. Kuma kada a sa masa lalle.

Hajiya Babba, Gidar:
Lalle kuma? Haba 'yar nan. Mu duk da lalle aka yi mana wankan jego, ga mu nan.

Anti Nas, Ngaundere:
Ke mai jego ki ƙunsa abinki, Mama, ba ke nake nufi ba. Jaririn nake nufi. An samu jarirai masu wannan gadon da aka shafe musu jiki da lalle jininsu ya farfashe, fitsari ya koma kalar shayi, har sai da aka yi musu ƙarin jini. Tun da ba a yi wa yawancin jariranmu awon ba, ba mu san wane ne mai shi ba. Kuma jikarki fa, yaushe za a kai ta awon?

Hajiya Babba, Gidar:
Sai ubanta ya dawo daga Tubaro, ran kasuwa mai zuwa in sha Allah. Sunan awon za ki rubuto min, in nuna musu a waya.

Ɗan Labo, Garwa:
Électrophorèse de l'hémoglobine, Mama, haka za su gane. Ki ce kuma a haɗa da NFS, awon ƙidayar ƙwayoyin jini. Ba sai ta je da yunwa ba, ta karya kumallonta.